Kiwon Tsutsar Ƙudan Soja Don Abincin Kifi da Kaji

Abinci ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwon tarwada. Daga ranar zuba 'ya'yan kifi zuwa ranar kwashewa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a buhun abinci yake tafiya, kuma mai kajin gidan gona ma kusan haka lissafinsa yake. A cikin buhun kuwa, furotin ne mai tsada. Masara ba ta wuce kashi 9 cikin 100 na furotin ba, alhali tarwada tana buƙatar kashi 35 zuwa 45 gwargwadon girmanta, 'yan tsakin kajin nama kuma sama da kashi 20. Da garin kifi da garin waken suya ake cike wannan giɓi.

Dukansu biyu suna da matsala. Babban kaso na garin kifin da ake ciniki a duniya daga ƙananan kifayen tekun Peru ake yin sa, kuma duk shekarar da ruwan tekun ya ɗumama sai kamun ya ragu, farashi ya tashi. A 2023 sai da gwamnatin Peru ta soke kakar kamun farko. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya kuma, masana'antun garin kifi suna kwashe irin kifin da mata ke bandawa su sayar wa talaka, ga shi sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Waken suya kuwa mai awara na nema, mai matsar mai na nema, mai kaji na nema, duk a kasuwa ɗaya.

Wannan ne ya karkato da hankalin masu bincike zuwa ga ƙwari. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da babban rahoto kan ƙwari a matsayin abincin mutum da na dabba. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi shekaru tana gwaji a Kenya da Yuganda, har hukumar ingancin kaya ta Kenya ta fitar da ƙa'idar busassun ƙwari na abincin dabbobi a 2017. A shekarar ce Tarayyar Turai ta halatta sa furotin ɗin ƙwari a abincin kifi, a 2021 ta ƙara da na kaji. A ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne, domin tun kaka da kakanni ake fasa suri a ɗebo gara a watsa wa 'yan tsaki da 'yan zabi. Bambancin kawai shi ne gara nemo ta ake yi a daji, ƙudan soja kuwa kiwonsa ake yi a gida, da sikeli da lissafi.

Ƙwaron da rayuwarsa

Ƙudan soja, wanda masana ke kira Hermetia illucens, asalinsa daga nahiyar Amurka ne, amma ya bazu a ƙasashe masu zafi. Baƙi ne siriri, tsawonsa santimita 1.5 zuwa 2, ƙarshen ƙafafunsa fari-fari, kuma wanda bai san shi ba zai ɗauka zanzaro ne. Ba ya harbi, ba ya cizo. Bayan ya yi fiffike ba ya cin abinci, ruwa kawai yake lasa, yana rayuwa ne da kitsen da ya tara tun yana tsutsa. Shi ya sa ba ya bin kwanon tuwo ko fuskar yara kamar ƙudan gida.

Mace tana zuba ƙwai 400 zuwa 800 a dunƙule, a cikin busasshen tsagi kusa da abu mai ruɓewa, ba a kan abin ba. Bayan kwana huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar tana ci ba dare ba rana, kuma idan abinci da ɗumi sun yi daidai, cikin mako biyu zuwa kwana 18 za ta kai santimita 2 zuwa 2.5. Daga nan sai ta daina ci, launinta ya juya daga ruwan madara zuwa baƙi, ta fice daga cikin abincin ta nemi busasshen wuri mai duhu ta sandare cikin ɓawonta. Bayan mako biyu zuwa uku ƙuda ya fasa ɓawon ya fito, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai, ya mutu cikin kamar mako guda. Zagayen gaba ɗaya mako shida ne ko ɗan fiye. Ɗumin da ya fi dacewa da shi digiri 24 zuwa 30 ne.

Busasshiyar tsutsa tana ɗauke da furotin kashi 35 zuwa 45 cikin 100, maiƙo kuma daga kashi 15 har ya haura 35. Abin da ta ci ne ke jawo wannan tazara.

Abin da za a fara nema

Sabon mai kiwo yakan fara da sayen robobi da ɗinka gidan ƙuda. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙwaron ba shi da wuyar sha'ani. Abin da ke durƙusar da yawancin masu farawa shi ne rashin abincin da za a ciyar da tsutsar kullum, mai tsabta, a kusa, kuma kyauta ko kusa da kyauta. Lissafin a fili yake. Kilo 100 na jiƙaƙƙen abinci yakan ba da kilo 10 zuwa 20 na ɗanyar tsutsa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyar tsutsa ruwa ne, wato kilo uku ne ke komawa kilo ɗaya idan an busar. Ke nan kaya mai nauyin kilo 100 da aka ɗauko a kura ko a Keke Napep, gari kilo 3 zuwa 7 zai haifar. Idan kuɗin dako ya yi yawa, ko kuwa an koma ciyar da tsutsar da dusar da masu tumaki ke rububin saye, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Don haka a fara da zagaya unguwa. Kasuwannin kayan gwari da na kayan marmari, irin su 'Yankaba da 'Yanlemo a Kano, suna zubar da ruɓaɓɓen tumatir da kabeji da kankana da mangwaro kullum. Akwai dusar awara, da tsakin da ake tacewa wajen masu koko da kamu, da ragowar shinkafa da tuwo na gidajen abinci da makarantun kwana, da burodin da ya kwana, da kayan cikin kifi daga wajen masu banda, da abin cikin tumbi daga mayanka. Haɗa iri biyu ko uku ya fi iri ɗaya. Kayan marmari zalla suna ba da tsutsa mai kitse amma mai jinkirin girma. Idan aka haɗa su da dusar awara ko ɗan kayan cikin kifi sai girman ya yi sauri. Kara da ɓuntun shinkafa da busasshiyar ciyawa ba sa narkewa a cikinta, kashin shanu shi kaɗai kuma ba ya ƙosar da ita.

Akwai abin da ba a kusantar da shi: mushe, bayan gida, sharar asibiti, kayan gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari kwanan nan, da ganyen darbejiya ko 'ya'yanta, domin su ma maganin ƙwari ne. Haka nan sharar bola da ta gauraya da tsofaffin batura da toka da gwangwanin fenti. Bincike ya tabbatar cewa tsutsar tana tara dalma da kadmiyam a jikinta, kuma abin da ta tara zai wuce cikin kifi, daga kifi zuwa tukunyar miya. Tsutsar tana cin kashin kaji sosai, amma ba a mayar wa kaji tsutsar da aka yi kiwo a kan kashinsu. A Turai ma doka ta hana kiwon ƙwarin abincin dabbobi a kan kashi ko ragowar abincin gidajen cin abinci baki ɗaya.

Wuri da kayan aiki

Rumfa mai inuwa da iska ke ratsawa ta wadatar, muddin ruwan sama ba ya shiga. Rufin kwano zalla yana gasa tsutsa a bazara, sai an shimfiɗa zana ko ciyawa a kai. Ana buƙatar robobi masu faɗi marasa zurfi, kamar santimita 60 a tsawo, 40 a faɗi, 15 a zurfi, ko jarkoki da aka tsaga gida biyu; katakon jera su hawa-hawa da tazarar da iska za ta wuce; sikeli babba da ƙarami mai auna giram; rariya; durom mai murfi; adda ko injin markaɗe; da ma'aunin zafi. Kowace ƙafa ta katakon a tsoma ta cikin gwangwani mai ruwa ko baƙin mai, saboda tururuwa da cinnaka na iya kwashe ƙwan mako guda a dare ɗaya. Ɓera da gafiya da ƙadangare su ma abokan gaba ne, maganinsu ragar waya.

Gidan ƙuda ana ɗinka shi da yadin gidan sauro a kan firam ɗin katako ko ƙarfe, faɗinsa kamar santimita 70 zuwa mita ɗaya, tsayinsa mita ɗaya da rabi, da zif ko hannun riga da za a riƙa zura hannu. Shi kam ba a cikin duhu ake ajiye shi ba. Ƙudan soja ba ya barbara sai da haske mai ƙarfi irin na rana, don haka a sa shi inda hantsi ke faɗa masa, inuwa kuma ta rufe shi kafin azahar.

Samun iri

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen ƙwai ko ƙananan tsutsa daga wanda ya riga ya fara. Wanda ba shi da wannan dama zai iya janyo na daji, musamman da damina. A jiƙa dusa a haɗa da ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba ko abarba, a bar ta ta yi tsami na 'yan kwanaki, a zuba a bokiti a ajiye a inuwa kusa da juji ko garke. A yanka kwali mai ramuka a gefe, a ɗaure guntaye uku ko huɗu, a rataye su ɗan sama da dusar yadda ba za su taɓa ta ba, a kifa murfi a bar kafa. Ƙudan gida ne zai fara zuwa, kada wannan ya karya gwiwa. Tsutsarsa ƙarama ce, fara sol, mai santsi da tsinin kai, tana gama girma cikin ƙasa da mako guda. Ta ƙudan soja tana da ɗan faɗi, gaɓoɓinta a bayyane, fatarta da kauri, kuma da zarar ta yi yawa a bokiti sai ƙudan gida ya ragu. A riƙa duba ramukan kwalin; dunƙulen abu mai launin ruwan madara da ya toshe rami, shi ne ƙwan.

Ƙwai da reno

A cikin gidan ƙuda ana ajiye abu uku: kwano mai jiƙaƙƙen soso ko tsumma don sha, domin a buɗaɗɗen ruwa nutsewa suke yi, roba mai abinci mai tsami da aka rufe da raga, wadda warinta ke kiran mata, sai mazubin ƙwai a kan ragar. Kwali yana aiki, amma siraran katakai sun fi shi ƙarko: a jera biyar ko shida, a raba tsakaninsu da kan ƙusa ko fil yadda tsagin zai zama milimita ɗaya zuwa biyu, a ɗaure da robar ɗauri. Mata sukan fara zuba ƙwai kwana biyu bayan barbara.

A kwashe mazubin duk bayan kwana biyu, don ƙwan da ke ciki ya zama sa'annin juna. Ba a taɓa ƙwai da yatsa. Ko dai a kankare shi a hankali da reza a kan takarda a auna, ko a ɗora katakon yadda yake a kan raga bisa robar reno. Giram ɗaya na ƙwai ya ƙunshi wajen ƙwai 35,000 zuwa 40,000, ko da yake ba duka ke ƙyanƙyashewa ba. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kada ƙwai ya taɓa jiƙaƙƙen abinci, in ya taɓa zai ruɓe. Jariran da kansu za su faɗo ta ragar. A nan kaɗai ne ya dace a kashe kuɗi a kan abinci mai kyau: kashi 3 na abincin 'yan tsaki ko laushin dusar alkama, kashi 7 na ruwa. Abin da suke ci a wannan mataki kaɗan ne, kuma tsutsar da ta sami reno mai kyau ta fi jure abinci mara daɗi daga baya. Bayan kwana biyar da ƙyanƙyasa sai a tankaɗe su da rariya mai laushi. Don sanin yawansu, a auna giram biyu a ƙirga na ciki, a auna nauyin duka, a ninka.

Da hunturu iska tana busar da ƙwai kafin ya ƙyanƙyashe, sanyin asuba kuma yana hana ƙuda tashi. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen da iska ke bugowa, a yayyafa wa ragar gidan ruwa sau biyu ko uku a yini, a rufe robar reno da yadi mai shan iska.

Shirya abinci da ciyarwa

A tsince leda da ƙarfe da kwalba, a sare ko a markaɗe abin da ya rage har kowane gutsure ya gaza santimita biyu. Tsutsar ba ta da haƙoran tauna babban abu, laushi take bi. Ruwan da ake so a cikin abincin kashi 70 zuwa 80 ne cikin 100. A damƙi cikin hannu a matse: idan ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsu kaɗan-kaɗan, ya yi, idan ya zubo shar, a tsane shi a buhu ko a ƙara busasshiyar dusa, idan ya warwatse bai dunƙule ba, a ƙara ruwa. Tumatir da kankana sun haura kashi 90 na ruwa, ba a zuba su haka nan. Ranar da aka sami kaya da yawa, a markaɗe a danna a durom a rufe ruf. Zai yi tsami ya ajiyu na kwanaki, tsutsar kuma tana son sa a haka.

Cibiyar binciken ruwa ta Eawag da ke Suwizalan ta gwada wannan aiki a Sidoarjo ta ƙasar Indunusiya, ta wallafa jagora a 2017. Ma'aunin da ta bayar ya zama abin da da yawa ke farawa da shi: tsutsa 10,000 'yan kwana biyar a roba mai santimita 60 da 40, a ba su kilo 15 na jiƙaƙƙen abinci a zubi uku, kilo biyar a rana ta farko, biyar a ta biyar, biyar a ta takwas, a kwashe a rana ta goma sha biyu. Kaurin abincin kada ya wuce santimita biyar, domin abin da ke can ƙarƙashi iska ba ta kai masa, sai ya ruɓe ya yi ɗoyi ba tare da an ci shi ba. Wannan ma'auni mafari ne kawai. Sidoarjo gari ne mai laima, wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram dole ya gyara shi da idonsa.

Robar da ke tafiya daidai ana gane ta da gani. Saman abincin yana motsi, in an kasa kunne ana jin ɗan sautin cinsu, in an tura hannu akwai ɗumi, warin kuma na tsami ne, ba na mushe ba. Idan tsutsa tana hawa bango tana zubowa alhali ba ta yi baƙi ba, ɗayan uku ne: ruwa ya yi yawa, zafi ya yi yawa, ko abinci ya ƙare. Ruwa a kwance a gindin roba da wari mai hawa kai na nufin a barbaɗa dusa a rage zubi na gaba. Ɓawon da ya bushe a sama a farfasa shi a yayyafa ruwa. Zafi ne babban haɗari a watannin Maris zuwa Mayu, saboda tsutsar da kanta tana haifar da zafi, kuma cikin roba yakan fi iskar waje da digiri da dama. Idan ya haura 40 sai ta fara gudu, in babu mafita ta mutu a dunƙule. A wannan lokaci a rage yawan tsutsa a kowace roba, a rage kaurin abinci, a jiƙa ƙasan rumfar, a yi ciyarwa da yamma. Da hunturu akasin haka ake yi, a ƙara yawansu a rufe da buhu da dare, kuma a sa ran girbi zai yi jinkiri da 'yan kwanaki.

Girbi da sarrafawa

Lokacin kwashewa shi ne sa'ad da aka ga 'yan ƙalilan sun fara yin duhu. A nan nauyinsu ya kai ƙarshe. Idan aka bari suka yi baƙi, nauyi zai ragu, ɓawon ya yi tauri, kuma sinadarin ɓawon, wato kaitin, yana wahalar narkewa a cikin kifi da kaji. A daina ba da abinci kwana biyu ko uku kafin girbi don saura ya bushe ya yi wara-wara, sannan a tankaɗe da rariya mai ido milimita 3 zuwa 5. Saura ya zube, tsutsa ta tsaya. Idan sauran ya jiƙe ya ƙi tankaɗuwa, a baza shi a kan raga bisa baho a sa a rana. Tsutsar tana gudun haske, da kanta za ta nutsa ta faɗa bahon. A bar ta cikin busasshiyar dusar katako na wasu awanni ta fitar da abin cikinta, a wanke.

Wadda za a adana, a tsoma ta cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya. Wannan yana kashe ta nan take, yana rage ƙwayoyin cuta, yana kuma hana ta yin baƙi ƙirin wajen bushewa. Sai shanya a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa, an rufe da gidan sauro. Da rani kwana biyu zuwa uku ya isa, da damina kuwa takan yi wari kafin ta bushe, sai an haɗa da wuta. A tanda, digiri 60 zuwa 65 ake so har ruwan jikinta ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. Akwai kuma suya da yashi a babban kasko, yadda ake suyar gyaɗa, ana juyawa har ta kumbura ta yi ƙaras, a tankaɗe yashin. Busasshiya sosai tana karyewa tsakanin yatsu; wadda ke lanƙwasa ba ta gama ba, kuma za ta yi fumfuna a buhu.

Maiƙonta ne ke kawo cikas wajen niƙa da ajiya, yana toshe rariyar inji, yana kuma sa gari ya yi ɗaci da wari in ya daɗe. Idan aka matse ta a injin matsar gyaɗa, tunkuzar da ta rage furotin ɗinta yakan kai kashi 50 zuwa 60, man kuma a sa shi a abincin kaji maimakon wani mai. Wanda ba shi da injin matsa ya haɗa ta da masara ko dusa ya niƙa tare, kuma kada ya niƙa fiye da na 'yan makonni. Sakamakon ɗakin gwaji ma a karanta shi da lura: hanyar da aka saba auna furotin tana ƙirga har da kaitin, don haka adadin da ke takarda ya ɗara na gaskiya.

Yadda ake ba kifi da kaji

Garin tsutsa ba ya maye gurbin garin kifi kilo da kilo. Garin kifi mai kyau yana da furotin kashi 60 zuwa 70, ya kuma fi tsutsa sinadarin metiyonin da irin man da ke jikin kifin teku. Gwaje-gwajen da aka yi a kan tarwada sun nuna ana iya cire kusan rabin garin kifin da ke cikin haɗi a sa na tsutsa ba tare da girma ya ragu ba; cire shi duka yakan rage girma sai in an yi ciko da wasu sinadarai. Misali, haɗin kilo 100 mai garin kifi kilo 20 da ke da kashi 65 yana samun furotin kilo 13 daga gare shi. Idan an cire kilo 10, an rasa furotin kilo 6.5, kuma cike shi yana buƙatar wajen kilo 16 na garin tsutsa mai kashi 40, ko kilo 12 na wanda aka matse mai kashi 55. Ƙarin nauyin daga masara ko dusa za a rage shi, a daina zuba mai a haɗin, a ƙara metiyonin da ake sayarwa a shagunan kayan kaji. Hikima ita ce a fara da cire kashi ɗaya cikin huɗu na garin kifin, a ware tanki biyu masu kifi sa'annin juna, ɗaya a tsohon abinci ɗaya a sabo, a riƙa auna samfuri duk mako biyu ana rubuta abincin da kowanne ya ci.

Tarwada tana rububin ɗanyar tsutsa mai rai, wannan ne ma ke ruɗar wasu su mayar da ita abinci kaɗai. Kifin zai tara kitse a ciki ba tsoka ba, abin da bai ci ba kuma ya nutse ya ɓata ruwa. A ba da ita ƙari a zubi ɗaya cikin na yini, daidai abin da za su cinye cikin 'yan mintuna, kuma girman tsutsar ya dace da bakin kifin.

Kajin nama suna ɗaukar garin tsutsa har kusan kashi 10 cikin 100 na haɗinsu lafiya lau. Sama da haka wasu gwaje-gwaje sun nuna raguwar girma. Kazar ƙwai da ke cin giram 110 zuwa 120 a rana, giram 10 na tsutsa mai rai ya ishe ta ƙari, kuma tonon da take yi wajen nema yana rage tsattsagar juna. Tsutsar tana da sinadarin kalsiyam fiye da yawancin ƙwari, amma bai kai ya ɗauke wa kazar ƙwai buƙatar garin ƙashi da na farar ƙasa ba. Inda amfaninta ya fi fitowa da sauri shi ne wajen kajin gida da zabi da agwagi da talotalo a tsakiyar rani, lokacin da ƙwaro ya ɓace a daji kuma tsaba zalla ake watsa musu. Shanu da tumaki da awaki kuwa ba sa cikin lissafin; tumbinsu yana sarrafa harawa da dusa da ƙwayar auduga, kuma Tarayyar Turai ba ta yarda a ba masu tuƙa furotin ɗin ƙwari ba.

Masu saye sukan yi tambaya ta fuskar addini. A 2019 Majalisar Malaman Indunusiya ta ba da fatawa cewa kiwon wannan tsutsa don abincin dabbobi ya halatta, ko da yake ba ta halatta wa mutum cin ta ba. Mai kiwon da ya tsaya a kan ragowar kayan gona da na abinci, ya nisanci najasa da mushe, ya rage wa kansa wannan muhawara da ma ta lafiya.

Ajiye iri da takin da ya rage

Daga kowane zubi a ware kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na ƙananan tsutsa, a ba su abinci mafi kyau, a bar su har su yi baƙi. Ƙudan da zai fito ba zai ci komai ba, saboda haka yawan ƙwan da mace za ta zuba ya dogara ne ga ƙibar da ta yi tana tsutsa. A kwashe baƙaƙen a zuba cikin roba mai dusar katako ko busasshen taki mai ɗan danshi, zurfin yatsa, a rufe da yadi a ajiye a duhu. Da an ga ƙuda na farko ya fito sai a kai robar gidan ƙuda. A riƙa yin haka kowane mako, domin wanda ya tsallake mako biyu zai tarar da giɓin a robobinsa bayan wata guda, lokacin da babu gyara. A share matattun ƙudaje da fankon ɓawo, a wanke ragar tsakanin zubi da zubi.

Sauran da ya zube ta rariya, wato kashin tsutsa da ɓawon saɓarta da abincin da ba ta cinye ba, taki ne mai kyau, kuma wani lokaci ya fi tsutsar yawa a nauyi. Sabo yana da zafi, yana ƙona tsiro. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk bayan 'yan kwanaki na mako uku zuwa huɗu, har zafin tsakiyarsa ya sauka, warinsa ya koma na ƙasa. Kafin a kai shi fadama ko a sayar wa masu lambu, a cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da ƙasa kashi uku da taki kashi ɗaya, a shuka ƙwayar masara goma a kowanne. Idan na takin ya tsiro daidai da ɗan'uwansa, ya nuna. Idan ya yi jinkiri ko bakin ganyen ya ƙone, a ƙara masa mako biyu ana juyawa.